Jera Sunaye da Matse Rubutu: Yadda Algoridim Ke Aiki da Haruffan Hausa

Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar ɗalibai, ko jerin manoman da za a raba wa taki, ko sunayen 'yan adashe, ya san aiki biyu ne ke biyo bayan rubuta sunayen. Na farko a jera su yadda za a samu kowane suna ba tare da an bi shafi-shafi ba. Na biyu a rage wa fayil ɗin nauyi, don ya wuce ta waya ba tare da ya cinye data ba, musamman a ƙauyukan da sabis ke rawa.

Ƙaramar hukumar Gaya ta haura mutum 200,000 a ƙidayar 2006, maƙwabciyarta Ajingi kuma ta haura 170,000. Ke nan rajista mai suna 100,000 ba baƙon abu ba ne a wannan yanki na gabashin Kano. Idan aka jera ta ba daidai ba, mai suna Ɗanladi zai iya yin sammako, a duba ƙarƙashin harafin D a ce babu shi, alhali sunansa yana can ƙarshen takarda bayan Zubairu. Wannan darasi zai bi matakan da kwamfuta ke bi wajen ayyukan nan biyu, da wuraren da haruffan Hausa ke sauya lissafin.

Mene ne Algoridim?

Algoridim jerin matakai ne ƙayyadaddu, waɗanda idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya za a kai ga sakamako. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Ana auna ingancin algoridim da abu biyu: yawan matakan da yake buƙata yayin da bayanai ke ƙaruwa, da girman gurbin da yake ci a ƙwaƙwalwar na'ura. A fagen jeri, matakin da ake ƙirgawa shi ne kwatance, wato ɗaukar suna biyu a duba wanne ke gaba.

Hanyoyi Biyu na Jeri

Hanya mafi sauƙi ita ce cusa-a-gurbi. Haka malami ke jera takardun jarrabawa da hannu: ya ɗauki takarda, ya bi waɗanda ya riga ya jera har ya samu gurbinta, ya cusa. A ƙaramin aji babu abin da ya fi ta. Matsalarta tana fitowa idan jeri ya yi tsawo, domin a matsakaici yawan kwatancen shi ne adadin sunayen sau kansa, a raba huɗu. Suna 1,000 za su ci kwatance wajen 250,000. Suna 100,000 kuwa za su ci biliyan biyu da rabi.

Hanya ta biyu ita ce raba-a-haɗe, wadda John von Neumann ya tsara a 1945. Ana raba jeri gida biyu, a sake raba kowane gida, har sai ya rage suna ɗai-ɗai, sannan a riƙa haɗe su a jere. Ga misali da mazaɓu takwas daga Gaya da Ajingi, a hargitse:

Toranke, Balan, Kademi, Gafasa, Shagogo, Balare, Gamoji, Ajingi

Zagaye na farko, a jera su bibbiyu. Kwatance 4 ke nan:

Balan, Toranke / Gafasa, Kademi / Balare, Shagogo / Ajingi, Gamoji

Zagaye na biyu, a haɗe tsagi biyu-biyu. Dabarar ita ce, na gaban kowane tsagi kaɗai ake dubawa, wanda ya riga a fitar da shi. Balan da Gafasa, Balan ya fita. Toranke da Gafasa, Gafasa ya fita. Toranke da Kademi, Kademi ya fita. Toranke ya rage, sai ya bi baya. Kwatance 3 a nan, wasu 3 a ɗaya ɓangaren:

Balan, Gafasa, Kademi, Toranke / Ajingi, Balare, Gamoji, Shagogo

Zagaye na uku yana cin kwatance 7, ya ba da:

Ajingi, Balan, Balare, Gafasa, Gamoji, Kademi, Shagogo, Toranke

Jimilla kwatance 17. Da za a kwatanta kowane suna da kowane, da 28 aka yi. A nan tazarar ba ta da yawa, amma mai karatu ya lura cewa duk lokacin da sunaye suka ninka, zagaye ɗaya tak ke ƙaruwa. Suna 100,000 zagaye 17 suke buƙata, kowane zagaye kuma bai wuce kwatance 100,000 ba, wato jimilla ba za ta haura miliyan 1.7 ba. A ɗauka wata kwamfuta tana iya kwatance miliyan 10 a daƙiƙa. Cusa-a-gurbi zai shafe daƙiƙa 250, fiye da minti huɗu. Raba-a-haɗe ba zai kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Na'urar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta.

Ina Ake Samun Ingantawa?

Akwai iyakar da lissafi ya gindaya. Suna takwas suna iya zuwa ta fuska 40,320. Kowane kwatance amsarsa biyu ce, don haka kwatance 15 ba za su iya bambance fiye da fuska 32,768 ba. Ke nan babu algoridim ɗin kwatance da zai ba da tabbacin jera suna takwas da ƙasa da kwatance 16. Raba-a-haɗe ya yi 17, yana dab da iyakar. Saboda haka masu ingantawa suka koma neman riba ta wasu ƙofofi.

Quicksort, wanda Tony Hoare ya ƙirƙiro a 1959 ya kuma wallafa a 1961, yana zaɓar suna ɗaya a matsayin ma'auni, ya tura na ƙasa da shi hagu, na sama dama. Yana da sauri kuma ba ya cin gurbi sosai, sai dai idan aka yi ta zaɓar mummunan ma'auni, yakan koma tafiyar hawainiya.

A 2002 Tim Peters ya rubuta Timsort don harshen Python. Abin da ya lura da shi shi ne, bayanan gaske ba safai suke zuwa a hargitse gaba ɗaya ba. Rajistar bara tana jere, bana an ƙara suna ɗari biyar a ƙarshenta. Timsort yakan fara da neman sassan da suka riga suka jeru, ya bar su yadda suke, ya haɗe su kawai. Idan jerin ya zo a jere tun asali, wucewa ɗaya ta ishe shi. Java ma ta ɗauke shi, sannan daga Python 3.11 na 2022 aka sauya tsarin haɗe sassan da wani sabo mai suna Powersort. A 2023 kuma kamfanin DeepMind ya bayyana cewa manhajarsa AlphaDev ta gano gajerun hanyoyin jera abu uku zuwa biyar, aka shigar da su cikin laburaren C++ na LLVM. Har yau aikin bai ƙare ba.

Wata sifa mai amfani ita ce riƙe tsari. Idan aka jera rajista da suna, sannan aka sake jera ta da mazaɓa, algoridim mai riƙe tsari zai bar sunayen kowace mazaɓa a jere kamar yadda ya same su. Raba-a-haɗe da Timsort suna da wannan sifa. Quicksort na asali ba shi da ita.

Inda Haruffa Masu Lanƙwasa ke Ɓata

Algoridim komai saurinsa, da ma'aunin da aka ba shi yake aiki. Kwamfuta ba harafi take gani ba, lamba take gani. A tsarin Unicode, A lambarsa 65, Z kuma 90, ƙaramin z 122. Amma Ɓ 385 ne, Ɗ 394, Ƙ 408. Duk manhajar da ke jeri da tsurar lamba za ta fitar da Dauda, Zainab, Zubairu, sannan Ɗahiru da Ɗanladi a can ƙarshe. A ƙananan haruffa abin ya fi rikicewa, domin ƙ 409 ne, ɓ kuwa 595, ɗ 599. Sai ƙasa ta riga ɓera.

Maganin wannan yana cikin ƙa'idojin jeri na harsuna da ƙungiyar Unicode ke tattarawa a rumbunta mai suna CLDR. Ƙa'idar Hausa a ciki ta sa ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, 'y da ƴ bayan y. Ta kuma ɗauki sh da ts a matsayin haruffa masu zaman kansu, sh bayan s, ts bayan t. Da wannan ƙa'ida Sani, Sule, Shehu ne jerin, haka kuma Tanko, Tukur, Tsoho. Wanda ya saba da jerin Turanci zai nemi Shehu kafin Sule. Don haka dole ofis ko makaranta su tsayar da ƙa'ida ɗaya, a kuma rubuta ta a saman takarda.

Mai rubuta manhaja da JavaScript zai iya neman ƙa'idar da layi ɗaya:

sunaye.sort(new Intl.Collator("ha").compare)

Ya kamata a gwada da Sani, Sule, Shehu tukuna, don a tabbatar manhajar tana ɗauke da bayanan Hausa. Rumbun adana bayanai na PostgreSQL ma yana karɓar irin waɗannan ƙa'idoji tun daga zubi na 10.

Kwatance da ƙa'idar harshe ya fi na tsurar lamba tsada. Dabarar rage tsadar ita ce a fitar wa kowane suna mabuɗin jeri sau ɗaya, a ajiye, sannan a jera da mabuɗan. Ta haka aikin mai wahala zai zama sau 100,000, ba sau miliyoyi ba.

Kafin duk wannan akwai tsaftace rubutu. Alamar da ke cikin Sa'adatu ko 'yar tana zuwa iri uku a madannai daban-daban: miƙaƙƙiya mai lamba 39, lanƙwasasshiya mai lamba 8217, da wata mai lamba 700. A ido kusan ɗaya suke, a wajen kwamfuta uku ne. Haka Ɗanladi, D'anladi da Danladi. Idan ba a mayar da su siffa ɗaya ba, mutum ɗaya zai iya zama mutum uku a rajista.

Matse Rubutu: Tsarin Huffman

A tsarin UTF-8 da intanet ke amfani da shi, kowane harafin boko na gama-gari bayit ɗaya yake ci, wato bit 8. Harafi mai lanƙwasa bayit biyu. Amma haruffa ba sa zuwa daidai wa daida. A Hausa, harafin a ya fi kowane yawa nesa ba kusa ba. A 1948 Claude Shannon ya nuna cewa alamar da aka fi tsammani ita ce mafi ƙarancin labari, don haka bai kamata ta ci gurbi ɗaya da wadda ba a cika gani ba. A 1952 David Huffman, yana ɗalibi a jami'ar MIT ta Amurka, ya wallafa hanyar raba lambobi bisa wannan.

A ɗauki jimlar "dawa da wake". Alamomi 12 ne har da sarari biyu: a sau 4, d sau 2, w sau 2, sarari sau 2, k sau 1, e sau 1. Ƙa'idar ita ce a riƙa haɗe biyu mafi ƙaranci. An haɗe k da e, sun ba da 2. An haɗe d da w, 4. An haɗe sarari da tarin k da e, 4. An haɗe waɗannan taruka biyu, 8. A ƙarshe an haɗe da a, 12. Idan aka biyo rassan daga sama, ana sa 0 a hagu da 1 a dama, ga abin da zai fito:

a = 0
d = 100
w = 101
sarari = 110
k = 1110
e = 1111

Kalmar dawa ta zama 10001010, haruffa huɗu cikin bayit ɗaya. Jimlar gaba ɗaya bit 30 ce maimakon 96. Ba a buƙatar alamar rabewa, domin babu lambar da ta zama farkon wata lambar. Sai dai dole a aika da jadawalin lambobin tare da saƙon, don haka a gajeren rubutu jadawalin kan cinye ribar.

Matse Rubutu: Kama Maimaici

A 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv suka zo da wata hanya, LZ77. Idan wani yanki ya taɓa wucewa, ba sai an sake rubuta shi ba, a yi nuni kawai. A "sannu sannu", kalma ta biyu za ta zama umarni: koma baya gurbi 6, kwafo 5. A rajistar da kowane layi ke ɗauke da "Ƙaramar Hukumar Gaya", wannan hanya riba ce tsagwaronta.

Tsarin Deflate na Phil Katz ya haɗa LZ77 da Huffman, kuma shi ne ke cikin fayilolin ZIP, da gzip, da hotunan PNG. Takardar jagorar gzip ta ce rubutu yakan ragu da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Rajista mai layi 100,000, kowane layi bayit 60, megabayit 6 ke nan, za ta iya komawa wajen 2.

Deflate ba ya hangen baya fiye da kilobayit 32. A nan jeri ke taimakon matsewa. Idan aka jera rajista da mazaɓa sannan da suna kafin a matse, duk layukan Kademi za su zo wuri ɗaya, duk Abdullahi su biyo juna, maimaicin ya faɗo cikin tazarar da ake hange.

Inda Jeri da Matsewa Suka Haɗu

A 1994 Michael Burrows da David Wheeler suka wallafa dabarar da ta mayar da jeri kansa makamin matsewa. A ɗauki kalmar makaranta. A riƙa cire harafin farko ana mayar da shi ƙarshe har a samu juyi tara, sannan a jera su:

akarantam
amakarant
antamakar
arantamak
karantama
makaranta
ntamakara
rantamaka
tamakaran

A karanta harafin ƙarshe na kowane layi daga sama zuwa ƙasa: mtrkaaaan. Haruffa tara ne kamar da, amma duk a huɗun da ke warwatse sun taru wuri ɗaya. Dalili shi ne harafin ƙarshen kowane layi shi ne wanda ke gaban harafin farkonsa a asalin kalmar, gaɓar Hausa kuwa galibi baƙi ne da wasali, don haka abin da ke gaban baƙi yawanci wasali ne. Rubutun da ya taru haka yana da sauƙin matsewa. Abin burgewa kuma, da wannan layi da lambar 6, wato gurbin da asalin kalmar ta faɗo, ana iya dawo da makaranta cif-cif. Manhajar bzip2 ta Julian Seward, wadda ta fito a 1996, a kan wannan dabara aka gina ta, tana juya rubutu a dunƙule har kilobayit 900.

Gajerun Saƙonni da Ƙamusun Hausa

Duk hanyoyin nan sai sun ga rubutu mai yawa kafin su koyi maimaicinsa. Gajeren saƙo ba ya ba su wannan dama. Mafita ita ce ƙamus da mai aikawa da mai karɓa suka riga suka mallaka. Brotli na kamfanin Google yana zuwa da ƙamus mai kalmomi da guntayen jimloli sama da 13,000, daga Turanci, Sifaniyanci, Sinanci, Hindi, Rashanci da Larabci, da kuma alamomin gina shafukan yanar gizo. Babu Hausa a cikinsu, don haka rubutun Hausa ba ya cin moriyar ƙamusun yadda na Turanci ke ci.

Zstandard, wanda Yann Collet ya rubuta kuma Facebook ya saki a 2016, ya buɗe wata ƙofa. Da umarnin zstd --train, mutum zai ba shi dubban samfuran saƙonninsa, ya gina masa ƙamus daga cikinsu. Wannan aiki ne da ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ko Jami'ar Bayero, zai iya yi da kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya: ya tara rubutun Hausa daga inda aka yarda a ɗiba kamar Wikipedia ta Hausa, ya gina ƙamus, ya auna bambancin nauyi da shi da kuma babu shi.

Harafi Ɗaya, Kuɗi Ninki Uku

Saƙon tes bayit 140 yake ɗauka. Tsarin GSM yana ba kowane harafi bit 7, shi ya sa ake samun haruffa 160. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba sa cikin jadawalin GSM, haka ma lanƙwasasshiyar alamar 'y. Da zarar ɗaya ya shiga, duk saƙon yana komawa tsarin bit 16, ya rage haruffa 70 kacal. Idan saƙon ya zarce haka, ana yanka shi gunduwa-gunduwa mai haruffa 67.

A ɗauka wata makaranta a Gaya za ta aika sanarwa mai haruffa 150 ga iyaye 2,000. Idan babu lanƙwasa, saƙo 2,000 za ta biya. Idan ɗ ɗaya ya shiga, kowane saƙo ya zama uku, ta biya 6,000. Cire lanƙwasar ma yana da nasa haɗarin, domin baƙi da baki ba ɗaya ba ne, haka ƙafa da kafa. Abin da ya fi shi ne a adana rubutun da cikakkiyar lanƙwasarsa a rumbu, a cire ta a matakin ƙarshe na aika tes kaɗai, bayan mutum ya karanta ya tabbatar ma'ana ba ta juye ba. Idan lanƙwasar ta zama dole, a taƙaita saƙon kada ya wuce haruffa 70. A WhatsApp da imel babu wannan damuwa, ƙarin bayit ɗaya ne kawai a kan kowane harafi.

Abin da Ba Ya Matsuwa

Babu algoridim ɗin da zai rage wa kowane fayil nauyi ba tare da asara ba, domin gajerun fayiloli ba su kai dogaye yawa ba, ba za su ishe su rabo ba. Hoton JPEG, bidiyon MP4 da sautin MP3 an riga an matse su. Fayilolin docx da xlsx kuwa ZIP ne a cikinsu. Sake zuba su a ZIP ba ya rage wani abin kirki. Haka kuma ɗaukar hoton shafin rajista da waya ya fi tura rubutun kansa nauyi sosai, kuma hoto ba ya jeruwa.

Aikin Gwaji

1. A jera Gurduba, Kazurawa, Dundun, Wudilawa, Maimakawa, Kunkurawa, Gamarya da Balare ta hanyar raba-a-haɗe, a ƙirga kwatancen.
2. A fitar da lambobin Huffman na jimlar "gero da gyaɗa", a lissafa bit nawa ta ci idan aka ɗauki ɗ a matsayin alama ɗaya, sannan a kwatanta da nauyinta a UTF-8.
3. A juya kalmar tattabara ta hanyar Burrows da Wheeler, a duba ko wasulan sun taru.
4. A buɗe manhajar tes, a rubuta haruffa 100 marasa lanƙwasa, a ƙara ƙ ɗaya, a duba yadda ma'aunin adadin saƙo ya sauya.